Yini Guda a Gandun Dajin Banff da Hunturu: Yadda Za Ka Je da Mota Ka Dawo Lafiya

Abin da ya fi yaudarar Bahaushe a hunturun Kanada shi ne rana. Ka leƙa ta taga ka ga gari tarwai, sama shuɗiya tas babu ko ɗigon gajimare, zuciyarka ta ce maka yau kam an samu sassauci. To, a yammacin Kanada irin wannan safiyar ce sanyi ya fi cizo, domin gajimare shi ne bargon da ke riƙe ɗan ɗumin ƙasa da daddare, in babu shi ɗumin ya tsere. Rana ce mai haske marar zafi, ga ta kuma da gaggawa. A ƙarshen Disamba, daga fitowarta zuwa faɗuwarta a birnin Calgary bai cika awa 8 ba, a cikin tsaunuka kuwa tana ɓuya bayan dutse tun kafin lokacin faɗuwarta ya yi.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni yadda zai kai iyalinsa ganin dusar ƙanƙara a gandun dajin Banff ya dawo a yini guda, amsata ɗaya ce: ka fara lissafi daga magariba, ka dawo baya. Ka san inda kake son magariba ta riske ka, sannan ka ga wurare nawa za su shiga tsakani. Yawanci biyu ne, in an matsa uku.

Banff shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Kanada, an kafa shi a 1885, faɗinsa murabba'in kilomita 6,641, kusan ninki uku na Yankari. Yana lardin Alberta, cikin tsaunukan Rocky. Daga Calgary zuwa garin Banff kilomita 128 ne ko kusa da haka, zuwa Tafkin Louise kuma wajen 185, wato bai kai Kano zuwa Kaduna ba. Kada wannan ya ruɗe ka. Tafiyar awa biyu ce da rani, da hunturu ka ware mata biyu da rabi zuwa uku, ka ninka don dawowa, sai ka ga abin da ya rage maka na yinin.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka durƙusa ka duba tayar motarka. A wannan tafiyar taya ta fi inji muhimmanci. A gefen tayar hunturu ta gaskiya akwai hoton tsauni mai kai uku da tauraron dusar ƙanƙara a cikinsa. Akwai kuma wadda aka rubuta wa M+S kawai, ita ma doka tana karɓarta a hanyoyin da ake neman tayar hunturu, amma ba ta kai ta farkon kama ƙasa ba. Dalili kuwa roba ce: robar taya ta yau da kullum tana fara taurarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta hunturu kuma an haɗa ta ne don ta zauna da laushi. Taya mai tauri a kan ƙanƙara tamkar silifas ne a kan tayil mai ruwan sabulu.

Lardin Alberta bai wajabta tayar hunturu a yawancin hanyoyinsa ba, don haka in motar haya za ka ɗauka kada ka ɗauka cewa tana da ita. Ka nema tun wajen yin rajista, in ka je karɓa kuma ka duba gefen tayar da idonka kafin ka sa hannu. Za su iya ce maka motar ai tana ja da ƙafa huɗu. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ka hau tudu, amma wajen tsayawa babu abin da yake ƙara maka, duk mota ƙafa huɗu take taka birki. Manyan jif-jif ɗin da za ka gani sun kwanta a kwalbati gefen hanya, wannan lissafin ne ya kuɓuce wa masu su.

Sai ruwan wanke gilashi. A hunturuna na farko na tafi da ragowar na rani a tanki. Wata babbar mota ta wuce ni ta watso mini taɓon gishiri da yashi, na danna ruwa, nan take ya daskare a gilashin ya zama farin labule, ina cikin gudu, ga iyali a baya. Da ƙyar na lallaɓa gefe ina leƙe ta wani ɗan gurbi kamar tafin hannu. Tun daga ranar ba na fita sai da wanda aka rubuta wa digiri 40 ƙasa da sifiri, da galan guda na ajiya a but. Ka duba waifa, ka duba iskar taya da safe domin sanyi yana rage ta, in batirinka ya tsufa kuma ka sa a gwada maka shi, don batirin da ke lallaɓawa a gari shi ne ke ƙin tashi a bakin tafki.

A but ka zuba ƙaramin shebur, da burushin share dusa mai abin kankare gilashi, da wayar jan wutar batir, da tocila, da bargo ko biyu, da ɗan buhun yashi da za ka barbaɗa ƙarƙashin taya in ta kama juyawa a wuri guda. Abin cajin waya ya zauna a aljihun ciki kusa da jiki, tare da wayar, domin sanyi yana shanye batir kana kallo. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida, akwai wuraren da babu sabis.

Tufafi

Nan ne mutanenmu suka fi shan wuya, saboda mun saba cewa maganin sanyi shi ne riga ɗaya mai kauri. Sanyin Jos ko jaurar Agadas haka ake yi musu. Wannan daban ne. Firizar gidanka tana aiki ne a digiri 18 ƙasa da sifiri, a Tafkin Louise kuwa safiyar Janairu takan fi haka sanyi, wani lokaci ta haura 30 ƙasa da sifiri. Hawa uku ake sa wa. Na jikin fata ya zama na ulu ko na roba mai tsane gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska. Auduga ita ce abokiyar gaba: shadda da atamfa da singileti suna shan gumi su riƙe, da ka tsaya tafiya sai jiƙar ta koma sanyi a jikinka. Na san akwai mai son hoto da babbar riga da zanna bukar a gaban farin tsauni, ni ma na yi. Ka ɗora ta a kan sauran kayan, a ɗauka, ka cire.

Ga mata, hijabi shi kaɗai ba ya tare kunne, a sa hular ulu a ƙarƙashinsa. Doguwar rigar da ke jan ƙasa tana jiƙewa ta daskare, tana kuma harɗe ƙafa a santsi, gara wadda ta tsaya a idon sawu a kan wando mai ɗumi. 'Yan kunne na ƙarfe a bar su a gida. Takalmi ya zama mai tare ruwa, mai sarari yadda yatsu za su motsa; safa uku a takalmi matsattse ta fi safa ɗaya kawo sanyi, saboda jini ba ya zagayawa. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Ka ɗauki tabarau mai duhu, hasken da ke dawowa daga dusa yana kashe ido, da man kaɗanya saboda leɓe da hannu, iskar can busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturunmu.

Yaro ƙarami kada a ɗaure shi a kujerarsa da jibgegiyar rigar sanyi, bel ba ya kama jiki ta kanta. A cire, a ɗaure, a lulluɓa masa ita ta sama.

Daren jajibiri, ka buɗe shafin 511 Alberta, wanda ke nuna halin hanyoyi har da hotunan kyamara, ka duba hasashen yanayi na Tafkin Louise kansa, domin na Calgary ba zai gaya maka gaskiyar tsauni ba. In an yi gargaɗin zubar dusa mai yawa ko matsanancin sanyi, ka ɗaga tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka kuma gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka dawo.

Daga asuba zuwa hantsi

Ka yi sallar asuba, ka yi karin kumallo mai nauyi, ka cika filas biyu da shayi. Ka fita kamar awa guda kafin fitowar rana. Kafin ka tashi ka share dusar da ke kan motar gaba ɗaya, har rufi da fitilu, don wadda ke kan rufi tana zamowa ta rufe gilashin gaba a birkin farko. Kada ka zuba wa gilashi ruwan zafi, yana iya tsagewa. In gilashi ya yi gumi daga ciki, ka kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota, ka tura hita gilashi, ka kunna AC tare da ita, tana busar da iskar. Ka kunna fitilu da hannunka, saboda a motoci da yawa fitilar rana da ke kunna kanta ba ta haɗawa da na baya.

Babbar hanya mai lamba 1, wato Trans-Canada, ita za ka bi yamma. Akwai wata rahama a nan: da safe kana fuskantar yamma rana tana bayanka. Farkon tafiyar fili ne da 'yan tuddai, ta ƙasar al'ummar Stoney Nakoda, 'yan asalin yankin, sannan tsaunuka su taso gabanka kamar katanga. In lissafinka ya yi daidai, a nan hasken farko zai taɓa kawunansu su yi ja-ja kamar garwashi, ƙasa kuwa tana cikin duhu. Wajen shigar tsaunukan iska tana da ƙarfi, tana kwaso dusa ta shimfiɗa a kan kwalta, ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Yankin yana da wata iska mai ɗumi da ake kira Chinook, wadda kan ɗaga ma'aunin zafi da digiri masu yawa cikin 'yan awoyi. Mutanen Calgary suna murna da ita, direba kuwa sai ya ƙara kula, don abin da ta narkar da rana shi ne zai daskare da dare.

Ka tsaya a Canmore, gari na ƙarshe kafin ƙofar gandun, ka cika tanki ko da bai yi ƙasa ba. Ƙa'idar hunturu ita ce kada mai ya sauka ƙasa da rabi, domin ran da hanya ta toshe man nan ne hitarka. A ƙofa za ka sayi takardar shiga ta hukumar Parks Canada in ba ka saya ta intanet ba. Akwai farashin iyali na mota guda har mutum 7, 'yan shekara 17 zuwa ƙasa ba sa biya, takardar yini kuma tana aiki har ƙarfe 4 na yammacin washegari. Ka ajiye ta inda za a gan ta ta gilashi.

Daga ƙofa iyakar gudu ta sauka daga 110 zuwa 90. Lambar da ke kan allo ta busasshiyar hanya ce, ba a ɗora maka sai ka cika ta ba. A nan zan ɗan daɗe, don tuƙin ƙanƙara ya saɓa wa duk abin da hanyar Kano zuwa Zariya ta koya mana. Can gwaninta ita ce zafin nama: ka kauce wa rami, ka tsere wa tirela, ka taka birki da ƙarfi. Nan gwaninta sanyin hannu ce. Komai a hankali, totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka rage gudu tun kafin kwana, a cikin kwanar ka bar birki ya huta. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba ka ninka ta biyu ko uku. Ka kashe na'urar nan da ke riƙe maka gudu da kanta. A gangara ka sauko da giya inji ya riƙe motar.

Mafi sharrin santsi shi ne wanda ba a gani, siririyar ƙanƙara da ke kwanciya a kan kwalta ta ɗauki launinta, sai ka zaci hanya ce ta ɗan jiƙe. Ta fi samuwa a kan gada, saboda iska tana bi ta sama da ƙasa, da kuma inuwar dutse. Alamarta: hanya tana ƙyalli amma tayoyin motar gabanka ba sa feshin ruwa, ƙarar tayarka kuma ta yi shiru. In ka ji motar ta fara zamewa, ɗage ƙafa daga totur, kada ka daki birki, ka kalli inda kake son zuwa, hannu yana bin ido. Wanda ya kafa wa kwalbati ido, kwalbati zai shiga. In kuwa tsayawar gaggawa ta kama, taka birki ka danne, za ka ji yana karkarwa ƙarƙashin ƙafarka yana gurnani. Na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa, ce ke aikinta, kada ka saki. Yana da kyau ka ɗanɗana wannan karkarwar tun a wani fili da babu kowa kafin ranar tafiya.

Motar share dusa in ka tarar da ita, ka bi bayanta da tazara. Hanyar da ke bayanta ta fi ta gabanta.

Ka wuce garin Banff, kada ka shiga yanzu. Na san da wuya, yara sun gaji, ga Tsaunin Cascade ya tsaya a gabanka. Amma tsarina shi ne a fara da mafi nisa a dawo kusa, yadda duk awar da ta wuce tana ƙara matso da kai gida. Saura kilomita 57 ko makamancin haka zuwa ƙauyen Tafkin Louise. A wannan tsakanin za ka bi ta ƙarƙashin wasu gadoji masu bishiyoyi a kansu waɗanda babu mota ko ɗaya da ke hawa. Na namun daji ne. An katange hanyar da waya, aka gina musu gadoji 6 ta sama da mashigai 38 ta ƙasa don su tsallaka ba tare da an banke su ba.

Tafkin Louise

Daga ƙauyen zuwa bakin tafkin hawa ne na kilomita 4 da kwane-kwane, ka bi a sannu. Ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutun ƙarshen shekara wurin ajiye motoci yana cika, shi ya sa gara ka isa da wuri. Allon Tafkin Moraine da za ka gani a hanya ka manta da shi: hanyarsa a rufe take duk hunturu saboda zaftarewar dusa, tun 2023 ma ba a barin motocin gida su bi ta ko da rani.

Tafkin yana sama da mita 1,700 daga doron teku. Shuɗin ruwan nan da kake gani a hotuna ba za ka gan shi ba, ya koma farin fili shimfiɗe tsakanin tsaunuka, Tsaunin Victoria da daskararriyar ƙanƙararsa sun toshe ƙarshensa. Sunan na Gimbiya Louise Caroline Alberta ne, 'yar Sarauniya Victoria ta Ingila, wadda lardin ma sunanta ya ci. Mutanen Stoney Nakoda kuwa tun can suna kiransa tafkin ƙananan kifaye. A gaban babban otal ɗin da ke bakinsa ana share fili don masu zamiya da takalmin ƙarfe.

Tafiya a kan ruwa abu ne da zuciyar wanda ya tashi a bakin Tiga ko Kogin Kwara ba ta yarda da shi nan take. Ƙa'idar da ake bi a Kanada ita ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 don mutum ɗaya, 20 don taro. Hukumar gandun ba ta auna maka, don haka ka tsaya inda aka share, inda jama'a suke, ka nisanci bakin da ƙorama ke fita, a nan ƙanƙara ba ta da kauri. Akwai hanyar ƙafa ta gefen tafkin mai kilomita 2, shimfiɗaɗɗiya. Ka tsaya a iyakarta. Gaba da nan, da hanyoyin da ke hawa sama, yankin zaftarewa ne, na masu horo da kayan aiki.

Ka riƙa duba fuskokin yara da naka. In sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Littattafan can suna cewa fata za ta yi fari, a baƙar fata kuwa sai dai ka ga wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, mai shi ya daina jin sa. Hanci, kunne, kumatu da yatsu ne kan gaba. Kada a murza, kada a kanga a bakin hita. A shiga ɗaki, a ɗumama da tafin hannu ko hammata ko ruwa mai ɗumi-ɗumi, in wurin bai dawo ba ko ya yi bororo a nemi asibiti. Wanda kuma ya fara rawar ɗari mai tsanani, maganarsa tana harɗewa, yana neman barci, sanyi ya shiga cikinsa, a kira lambar gaggawa, 911. Awa ɗaya da rabi ta isa a nan, tare da shiga ɗumi sau ɗaya ko biyu.

Kusa da ƙauyen ne hanyar Icefields Parkway, mai lamba 93, ta ɗauka arewa zuwa Jasper, kilomita 230. Tana cikin hanyoyi mafi kyan gani a duniya, za ta kuma ja hankalinka. Daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris doka ta wajabta tayar hunturu ko sarƙa a kanta, babu sabis a mafi yawanta, gidan man da ke tsakiyarta a rufe yake da hunturu, tana kuma hawa sama da mita 2,000. Ba ta hunturunka na farko ba ce.

Azahar da la'asar a hanya

Lokutan salla a wannan yanayi a matse suke, tsakanin azahar da la'asar bai fi awa biyu ba a tsakiyar hunturu. Nisan tafiyar ya wuce na kasaru, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa salla, ka tambayi malaminka tun kana gida yadda za ka yi. Alwala a yi ta a cikin gini mai ɗumi, a ƙauyen akwai, a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita. Hannu mai danshi a hannun ƙofar ƙarfe yana mannewa. Alƙibla a nan ba gabas ba ce yadda muka saba, arewa ce da ɗan karkata gabas. Darduma mai leda a ƙasa ta fi, ta zare tana jiƙewa. Abinci ka taho da naka: dambun nama, dafaffen ƙwai, dabino, burodi. Na garin masu yawon buɗe ido da tsada. Gorar ruwa ta zauna cikin mota, a but daskarewa take yi.

Dawowa, in 511 ta nuna hanya lafiya, ka bi tsohuwar hanya, Bow Valley Parkway mai lamba 1A. Layi biyu ce, iyakar gudu 60, ba a share ta da gaggawar da ake share babbar hanya, don haka sau da yawa a kan dannanniyar dusa za ka yi tuƙi. Shi ya sa na ajiye ta tsakiyar rana. Ba da nisa ba akwai Morant's Curve, inda layin dogo ya lanƙwasa a gefen Kogin Bow, masu hoto suna tsayawa cikin sanyi suna jiran jirgin kaya. Jirgin ba shi da alƙawari da kowa, minti goma ka ba shi ka wuce. Gaba sai Tsaunin Castle, mai kama da ganuwa, wanda aka taɓa sauya wa suna zuwa Eisenhower daga 1946 zuwa 1979. A gefen hanyar akwai wurin tunawa da sansanin da aka tsare baƙi, akasarinsu 'yan asalin Yukren, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sa su aikin hanya a wannan daji. Duk wanda ya zo ƙasar a matsayin baƙo ya kamata ya ɗan tsaya a wurin.

A wannan hanyar ce aka fi ganin dabbobi: elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe, da ragon dutse, wani lokaci kyarkeci. Suna zuwa bakin hanya lasar gishiri. Ka rage gudu, ka kalla daga cikin mota, kada ka tsaya a kwana. Tazarar da hukuma ta sa mita 30 ce ga elk da ire-irensa, 100 ga kyarkeci da beyar. Ba su abinci laifi ne, haka tashin jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, tarar kowanne tana iya kaiwa dalar Kanada 25,000. Har tsuntsayen da ke sauka kusa da kai suna roƙo, kyauta ba ta halatta gare su ba.

Tsayawa ta biyu Johnston Canyon ce, kwazazzabo mai zurfi da aka kafa wa gadojin ƙarfe a jikin dutse. Zuwa magangarar ruwa ta ƙasa kilomita 1 ne da 'yan kai, ta sama kuma kusan 2 da rabi, inda ruwan ya daskare a tsaye ya zama ginshiƙai shuɗaye, masu hawan ƙanƙara suna maƙale a jikinsu da gatari kamar ƙadangaru. Dubban ƙafafu sun daddanne hanyar ta zama gilashi, don haka sai da ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Ana sayar da su a Calgary, ana ba da haya a garin Banff; tunda ta wannan tsarin sai daga baya za ka shiga Banff, ka taho da naka. In da yara ƙanana ko dattijo, ta ƙasa ta wadatar. Cikin kwazazzabon duhu yana riga ko'ina sauka, ka duba agogo kafin ka ce za ka ƙarasa ta sama.

In abin da ba a fata ya faru, mota ta kafe ko ta zame cikin dusa inda babu sabis, ka zauna cikinta. Mota ana ganinta, mutum a ƙafa cikin farin daji ba a ganinsa. Kunna fitilun gargaɗi, ka fita ka share dusar da ke bakin salansa, sannan ka riƙa kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, taga a ɗan buɗe. Salansar da ta toshe tana mayar da hayaƙi cikin mota, irin hayaƙin da ke kashe mutane a gida in sun kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, ba shi da wari, barci kawai yake sa wa.

Magariba

In lissafi ya tafi daidai, rana tana shirin ɓuya za ka shigo garin Banff. Ka zaga ta gefen tafkunan Vermilion ka ga Tsaunin Rundle ya ɗauki jan yamma, minti ashirin sun isa. A gefen garin akwai Cave and Basin, maɓuɓɓugar ruwan zafin da ma'aikatan jirgin ƙasa uku suka ci karo da ita a 1883, ko da yake 'yan asalin ƙasar sun daɗe da saninta. Rigimar mallakarta ce ta sa gwamnati ta killace wurin, daga nan gandun ya samo asali. Wannan da motar igiya mai hawa Tsaunin Sulphur ka bar su sai wani zuwan. Ka yi magariba, ka sha shayi mai zafi, ka goge fitilu da gilashi daga gishirin da ya bushe a kansu, ka duba ruwan waifa.

Ragowar kilomita 128 a duhu za ka yi su, amma a kan babbar hanya mai layi huɗu wadda aka fi kula da ita. Abin da ya narke da rana yanzu ya daskare, gadoji sun koma santsi, kai kuma ka gaji, ga hita tana lallashinka. Ka cire babbar rigar sanyi, ka rage hita, na kusa da kai ya riƙa yi maka hira. In dusa ta fara zuba kada ka kunna doguwar fitila, haskenta dawo maka zai yi a ido. In barci ya matsa, Canmore tana nan minti ashirin gaba.

Da ka hango fitilun Calgary ka ajiye mota a gida, ka kira wanda ka bar wa saƙo ka ce kun iso. Ka kwashe jiƙaƙƙun kaya da ragowar ruwa daga mota a daren, in ba haka ba da safe gilashinka ta ciki zai yi ƙanƙara. Cikin makon kuma ka kai ta wanki a wanke har ƙarƙashi, gishirin hanya yana cin ƙarfe.